Likita Weinberg, Mai Lissafin Ciwon Gado

An haifi Wilhelm Weinberg a birnin Stuttgart na ƙasar Jamus a cikin shekarar 1862. Da ya ƙare karatun likita sai ya komo garinsu, ya shiga aikin duba talakawa da karɓar haihuwa. Yaran da aka haifa a hannunsa sun haura 3,500.

Akwai ciwon da yaro ke gada alhali uwa da uba lafiyarsu lau. Dalili kuwa shi ne kowannensu yana ɗauke da ƙwayar ciwon guda ɗaya a ɓoye, sai yaron da ya gaji biyu ne ke kwantawa. A 1908 ya fitar da ƙa'idar lissafi wadda ke nuna yawan yaran da za su kamu idan an san yawan masu ɗauke da ƙwayar. A shekarar nan kuma wani masanin lissafi na Ingila, Hardy, ya gano ta shi kaɗai. Weinberg ya rasu a 1937, sai a 1943 aka haɗa sunansa da na Hardy a kan ƙa'idar.

To, jama'a, mu gwada ta a kan amosanin jini, watau sikila. A Nijeriya kusan mutum ɗaya cikin 4 yana da jinin AS. Ke nan aure ɗaya cikin 16 zai haɗa AS da AS, kuma a irin wannan aure kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin 4 na zuwa da SS. Sakamako: jariri ɗaya cikin 64.

Binciken da aka yi a ƙauyukan Garki ta tsohuwar Jihar Kano, aka buga a 1979, ya samu kusan jarirai 2 cikin 100 da SS, amma da ƙyar aka samu babba mai ciwon, domin yawancinsu sun rasu tun suna ƙanana. Ashe rashin ganinsu a gari ba ƙarancin ciwon ba ne.

Saboda haka, 'yan'uwa na Kafanchan, Kagoro, Zonkwa da Kwoi mazauna Ikko da Badun, in za a je gida neman aure, a fara gwada jini a asibiti kafin a kai kaya. Rigakafi ya fi magani.