Likita David Marine da Ciwon Maƙoƙo

An haifi David Marine a ƙasar Amurka cikin shekara ta 1880. Da ya gama koyon aikin likita a 1905, sai ya tafi birnin Cleveland. Can ya iske maƙoƙo ya yi yawa ƙwarai, har karnukan gari ma wuyansu a kumbure yake.

Da wani ne, da ya wuce abinsa. Amma shi ya tsaya ya bincika. Ya yi shekaru yana gwaji da karnuka da tumaki da kifi, har ya tabbata rashin aidin ne ke kawo wannan ciwo. Aidin kuwa, ɗan kaɗan jiki ke bukata, amma idan babu shi cikin abinci, sai wata 'yar tsoka da ke gaban wuya ta yi ta kumbura.

A 1917 ya soma ba 'yan mata 'yan makaranta aidin a garin Akron, sau biyu a shekara. Cikin 2,190 da suka sha, 5 kaɗai suka yi maƙoƙo. Cikin 2,305 da ba su sha ba, 495 suka kamu. Saboda haka a 1924 aka fara sayar da gishiri mai aidin a Amurka, ciwon kuwa ya ragu ƙwarai.

Ya rasu a 1976, yana da shekara 96.

'Yan'uwa, kada mu raina ƙaramin abu, gama da shi Ubangiji yakan yi wa jama'a mai yawa jinƙai.