Janusz Korczak: Likitan da ya kafa wa marayu kotu da majalisa, ya bi su har Treblinka

A wani gidan marayu da ke titin Krochmalna a birnin Warsaw na ƙasar Poland, yaro ɗan shekara goma na iya kai ƙarar shugaban gidan, kuma a saurare shi. Alƙalan yara ne 'yan uwansa. Shugaban da ya yarda da wannan tsari, har ya sha gurfana gaban kotun da kansa, shi ne Janusz Korczak, likitan yara Bayahude wanda 'yan Nazi suka kashe a 1942 tare da marayun da yake riƙo.

Sunansa na yanka Henryk Goldszmit. An haife shi a Warsaw a 1878 ko 1879, domin mahaifinsa, wanda lauya ne, ya yi jinkirin yi masa rajista. Gidan masu hali ne, har ciwon taɓin hankali ya kama mahaifin, ya rasu a 1896, dukiya ta ƙare. Henryk ya koma koyar da 'ya'yan mutane a gidajensu don ciyar da mahaifiyarsa da 'yar uwarsa. A 1898 ya shiga wata gasar rubutu da sunan aro, sunan da ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Ya karanta likitanci, ya yi aikin likitan soja a yaƙin Rasha da Jafan a 1905, sannan ya yi shekaru a asibitin yara na Bersohn da Bauman. Abin da ya dame shi shi ne yaro zai warke a sallame shi, ya koma cikin yunwa da dattin da suka kwantar da shi tun farko. A 1912 ya ajiye aikin asibiti ya karɓi ragamar sabon gidan marayun Yahudawa, tare da Stefania Wilczyńska, matar da ta riƙe harkokin gidan na yau da kullum tsawon shekara 30, ita kaɗai ma a lokacin da aka tafi da shi Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Yara kusan 100 ne a gidan, daga shekara 7 zuwa 14. Korczak bai yarda ana koyon shugabanci ta hanyar wa'azi ba. A ganinsa sai an damƙa wa yaro iko na gaske, wanda zai iya yin kuskure da shi, kafin ya san nauyinsa.

Kotun takan zauna duk mako. Ana fitar da alƙalai biyar ta hanyar ƙuri'a daga cikin yaran da ba a kai ƙararsu ba a makon, saboda haka mai shiru-shiru ma yakan samu kansa a kujerar alƙali, ba sai masu baki ba. Babba ɗaya ne ke zama a matsayin magatakarda, yana rubuta shaida, amma ba shi da ƙuri'a a hukunci. Sassan farko na kundin dokar, har zuwa na 99, duk na wanke mai laifi ne ko yafe masa. Daga sashe na 100 ake fara hukunci, yana hawa da ɗari-ɗari: a buga sunan yaro a jaridar gidan, a kira danginsa, har zuwa sashe na 1000, wato kora. Ko a matakin da ke gab da kora, yaro na iya tsira idan wani ya tsaya masa ya ɗauki nauyin gyara shi.

Abin bai tafi sumul ba. Da farko yaran sun mai da kotun wurin ramuwar gayya da ƙananan ƙorafe-ƙorafe, wasu kuma suka raina ta saboda yawan yafiya. Korczak ya dakatar da ita na wani lokaci, ya gyara tsarin, ya sake buɗewa. Shi da kansa ya rubuta wannan gazawa a littafinsa kan yadda ake son yaro, bai ɓoye ta ba.

Bayan kotu akwai majalisar yara mai wakilai 20, da jadawalin aikin gida, inda kowa ke zaɓar abin da zai riƙe, daga shara zuwa kula da marasa lafiya. Duk sabon shiga ana haɗa shi da wani babban yaro da zai kula da shi wata uku. Wanda ya san makarantar allo ya san yadda manyan almajirai ke riƙe ƙanana, kuma mutanen Gaya da Dosso da suka ga samariya zamanin Seyni Kountché sun san yadda sarkin samari ke tara matasa aikin gayya. Bambancin shi ne a gidan Korczak babba ma yana ƙarƙashin dokar. Sau da dama ya kai kansa ƙara, ciki har da lokacin da ya zargi wata yarinya da sata ba tare da hujja ba.

A 1919 ya taimaki Maryna Falska wajen kafa irin wannan gida domin yaran Kiristoci. A 1926 ya kafa Mały Przegląd, jaridar mako-mako da yara da matasa ke rubutawa daga sassan Poland, wadda ta ci gaba da fitowa har ranar 1 ga Satumba 1939, ranar da Jamus ta afka wa ƙasar. Ya yi shiri a gidan rediyo da laƙabin Tsohon Likita, ya kuma ziyarci Falasɗinu a 1934 da 1936, amma ya koma wurin yaransa.

A ƙarshen 1940 Jamusawa suka killace Yahudawan Warsaw a unguwa guda da aka kewaye da katanga, gidan marayun ma aka tura shi can. A wajen ƙaura aka ƙwace musu amalanken dankali. Korczak ya je neman a mayar, ba tare da ɗaura ƙyallen da aka tilasta wa Yahudawa ba, aka kulle shi a kurkukun Pawiak. Bayan fitowarsa, dattijo mai ciwo, ya riƙa bin gidaje yana roƙo wa yaran abinci, waɗanda yawansu ya kai kusan 200. Duk da yunwa da zazzaɓin taifus, jadawalin aiki bai tsaya ba, manyan yara na riƙe da ƙanana. A watan Yulin 1942 suka gabatar da wasan kwaikwayon Rabindranath Tagore kan wani yaro mai jinya da ke jiran ajalinsa.

Abokansa sun yi masa tayin fitar da shi a ɓoye, ya ƙi. A farkon Agustan 1942 sojoji suka kewaye gidan. Korczak, Wilczyńska da sauran ma'aikata suka jera yaran suka taka da su zuwa inda ake loda mutane a jirgin ƙasa zuwa sansanin kisa na Treblinka. Babu wanda ya dawo.

A 1978, shekarar da aka yi bikin cika shekara 100 da haihuwarsa, Poland ta gabatar wa Majalisar Ɗinkin Duniya daftarin yarjejeniyar haƙƙin yara, wadda aka amince da ita ranar 20 ga Nuwamba 1989. Nijar ta rattaba mata hannu a 1990, Najeriya ta tabbatar da ita a 1991. Sashe na 12 ya bai wa yaro 'yancin a saurari ra'ayinsa a duk al'amarin da ya shafe shi. A Treblinka kuwa, cikin duwatsun tunawa kusan 17,000, akwai ɗaya mai ɗauke da sunansa da na yaran.