Tarihin Cicely Saunders, Likitar Masu Ciwon Ajali

Galibin likitocin da sunansu ya cika duniya sun shahara ne don sun gano maganin wata cuta, ko kuwa sun ƙago wata dabarar fiɗa. Matar da za mu ba da labarinta yau kusan duk waɗanda ta yi jinya sun rasu a hannunta, ta kuwa san haka tun ranar da aka kawo mata su. Mutane ne waɗanda sankara, watau ciwon daji, ta riga ta ci ƙarfinsu, asibiti ya sallame su, abin da ya rage musu makonni ne ko 'yan watanni. Aikin da ta sa gaba shi ne kada waɗannan bayin Allah su ƙare kwanakinsu cikin azabar raɗaɗi.

An haifi Cicely Saunders ran 22 ga Yuni, 1918, a Barnet, arewa da birnin Landan. Ubanta mai hali ne, sana'arsa auna filaye da dillancin gidaje. Cikin 1938 ta shiga Jami'ar Oxford tana karatun siyasa da falsafa da tattalin arziki. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke sai ta ajiye littattafai, cikin 1940 ta tafi asibitin St Thomas ta koyi aikin jinya. Ta ƙare cikin 1944, amma ciwon baya ya hana ta ci gaba da ɗaga marasa lafiya. Tilas ta koma Oxford, ta fito da wata sana'a dabam, watau ma'aikaciyar asibiti mai duba halin zaman majinyata da na iyalinsu.

Cikin wannan aiki ne ta gamu da David Tasma, Bayahude mutumin Warso ta ƙasar Folan, wanda ke aikin kai abinci a wani gidan cin abinci na Landan. Shekarunsa 40, sankara ta kama shi, ba dangi kusa. Ta riƙa ziyartarsa har ya rasu cikin Fabrairu, 1948, suna ta zancen irin gidan da ya kamata a gina wa masu irin halinsa. Ya bar mata gadon fam 500, da nufin kuɗin su zama taga a wannan gida. Shekara 19 ta yi kafin ta sami bangon da za ta kafa tagar.

Da maraice, bayan ta tashi daga aiki, ta kan je taimako a wani gidan jinya da a ke kira St Luke, a unguwar Bayswater. Nan ta ga abin da ba ta taɓa gani a manyan asibitoci ba. A asibiti, al'adar zamanin ita ce ba a ba majinyaci mofin, watau maganin raɗaɗin nan mai ƙarfi da a ke samu daga ofiyom, sai ciwo ya taso ya kai shi ga kuka. Sa'an nan a kira nas, nas ta duba takarda, a yi allura, ya sami sauƙin 'yan awoyi, maganin ya sake shi, a koma gidan jiya. Likitoci suna tsoron kada mutum ya kamu da jarabar maganin, ko jikinsa ya saba har ya daina yi masa aiki, saboda haka su ke ja masa rai. A St Luke kuwa sistoci suna ba da shi ta baki, bisa agogo, tun ciwon bai dawo ba, ga majinyata kuwa zaune suna hira da hankalinsu.

Ta so ta koma aikin jinya, amma wani likitan fiɗa da ta ke aiki da shi, Norman Barrett, ya ba ta shawara ta karanta likitanci, domin likitoci ne ke juya wa masu mutuwa baya, ba kuwa za su saurari nas ba. Ta koma aji cikin 1951 tana da shekara 33, tare da yaran da ta girme su nesa, ta fito likita cikin 1957. Malaman da ke ganin shekaru sun hana su neman ƙarin takarda, su dubi wannan.

Daga 1958 zuwa 1965 ta yi bincike a gidan jinya na St Joseph, a Hackney, unguwar talakawa ta gabashin Landan, wanda sistocin Katolika 'yan asalin Ailan ke riƙe da shi. A ganinmu nan ne ainihin aikinta ya ke. Ta kawo tsarin ba da magani awa huɗu-huɗu, dare da rana, domin kusan awa huɗu ne mofin ke yi yana aiki a jiki. In an ba da na gaba kafin na baya ya ƙare, raɗaɗin ba ya samun ƙofar shigowa. Ba ita ta ƙago wannan dabara ba, ta kuwa sha faɗin inda ta koyo ta. Abin da ta ƙara shi ne rubutu. Ko wane majinyaci da katinsa: irin ciwonsa, abin da aka ba shi, nawa, ƙarfe nawa, da abin da ya biyo baya. Ta tara bayanin mutum 1,100 a haka. Ta kuma ɗauki muryoyinsu a rakoda suna faɗin yadda ciwon ya ke da bakinsu, abin da likitocin lokacin ba su ɗauka da daraja ba. Akawun da ya taɓa kare kansa gaban mai binciken kuɗi da littafin da ya cika daidai ya san ƙarfin irin wannan hujja.

Katunan nan suka nuna cewa tsoron likitoci ya wuce kima. Mutanen da aka ba maganin bisa agogo ba su zama 'yan jaraba ba, ba su kuma riƙa neman ƙari ba iyaka ba. Da yawa sun yi makonni a kan awo ɗaya, in kuwa aka ƙara, galibi cutar ce ta ci gaba. Ta buga wannan cikin mujallar wata babbar ƙungiyar likitocin Ingila cikin 1963. Shekarar da ta biyo ta bayyana wani ra'ayi da ya bi duniya, cewa raɗaɗin mai ciwon ajali ya haɗa da na jiki, da na zuciya, da damuwar iyali da kuɗi, da kuma abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa, duka kuwa sai an duba su tare.

Gidan da ta yi wa David Tasma alkawari, St Christopher, an buɗe shi cikin 1967 a Sydenham, kudancin Landan, da gado 54. Ta haɗa masa abu uku tun farko, jinya da koyarwa da bincike, cikin 1969 kuma aka fara bin majinyata har gidajensu. Tagar tana nan kusa da ƙofar shiga.

Akwai wani abu da ya faru a gidan wanda mu ke ganin ya fi lambobin girman da ta samu nuna halinta. Ita dai ta yi imani diyamofin, wanda aka fi sani da hiroyin, ya fi mofin kyau ga majinyatanta, shi ta ke ba su, a cikin wani haɗi da ya shahara a Ingila da sunan asibitin Brompton, mai ɗauke da koken da barasa. Cikin 1971 ta ɗauko wani saurayin likita, Robert Twycross, ya gwada. Aka shirya magungunan biyu yadda majinyaci da nas duka ba su san wanne ne cikin kwalba ba, don kada zato ya shiga lissafi. Sakamako ya nuna cewa in ta baki aka sha, aka kuma daidaita awo, diyamofin bai fi mofin da kome ba. Koken ɗin ma ba shi da wani amfani mai ɗorewa. Shugabar gida ce aka ƙaryata a gidanta, da binciken da ita ta nema. Ba ta yi gardama ba. Cikin 1977 St Christopher ya koma ba da mofin. Shekara tara bayan haka, cikin 1986, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idarta ta maganin raɗaɗin sankara, ginshiƙanta kuwa su ne a sha ta baki, a sha bisa agogo, a hau daga magani mai sauƙi zuwa mai ƙarfi kamar tsani.

To, da aka danne raɗaɗin da ke zaune kullum, sai wani ya fito fili wanda dā ya ɓace cikin na kullum ɗin. Mutum yana shan maganinsa daidai, ya kwana lafiya, sai a juya shi a gado, ko ya yi tari, ko ma ba dalili, raɗaɗi mai tsanani ya ɓallo kamar ruwan da ya keta madatsa, ya kai ƙarshen ƙarfinsa cikin 'yan mintoci, sa'an nan ya janye. Masu bin tsarin Saunders sun san shi, sun kuma tanadi ƙarin awo na ko-ta-kwana, galibi kashi ɗaya cikin shida na maganin yini da dare. In majinyaci ya yawaita neman wannan ƙari, sai likita ya lissafta ya ɗaga awon kullum. Wannan lissafin likita ne, maganin kuwa yana kisa in an yi wasa da shi.

Sai cikin 1990 aka auna wannan raɗaɗi mai ɓallowa sosai. Likitoci biyu a New York, Russell Portenoy da Neil Hagen, suka tambayi masu sankara 63 waɗanda magani ya riga ya danne ciwonsu na kullum, suka tarar kusan kashi biyu cikin uku suna fama da shi, tsawonsa kuwa galibi wajen minti 30. Nan wahalar ta ke, domin mofin da aka haɗiya ya kan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin ya fara aiki, watau sau da yawa maganin na isowa baƙon ya riga ya tafi. Wannan ya sa aka nemi mai sauri. Cikin 1998 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da fentanil da a ke tsotsa kamar alewa, ya shiga jini ta fatar cikin baki. Daga baya aka yi na sawa ƙarƙashin harshe da na fesawa a hanci. Gwaje-gwajen suka kuma nuna cewa awon da zai yi wa mutum aiki cikin waɗannan ba ya bin lissafin maganinsa na kullum, sai an fara daga kaɗan ana hawa, ana rubutawa, mutum-mutum.

Ita kanta ta ga farkon wannan zamani tana tsohuwa. Ta yi aure cikin 1980, tana da shekara 61, da wani mai zane ɗan Folan, Marian Bohusz-Szyszko, wanda ta fara sani ta wurin wani hotonsa da ta saya. Ya rasu a St Christopher cikin 1995. An ba ta Kyautar Templeton cikin 1981, cikin 1989 kuma Sarauniyar Ingila ta sa ta cikin Order of Merit, lambar da ba ta wuce mutum 24 masu rai. Har ƙarshe ba ta yarda da masu neman doka ta ba likita ikon gaggauta wa majinyaci mutuwa ba, hujjarta kuwa ita ce mafi yawan masu roƙon haka raɗaɗi ne da kaɗaici ke sa su, biyun nan kuma da abin da za a iya yi a kansu.

Daga baya sankara ta kama ta ita ma. Aka kwantar da ita a ɗaya daga cikin ɗakunan St Christopher, ma'aikatan gidan suka yi jinyarta, ta rasu ran 14 ga Yuli, 2005, tana da shekara 87.