Sarkin Haɗeja Muhammadu Buhari da Ɓallewarsa Daga Sakkwato

A tarihin Daular Usmaniyya ba a cika samun sarkin da ya fito fili ya warware mubaya'arsa ga Sarkin Musulmi, kuma ya zauna a kan karagarsa har ajali ya riske shi ba. Muhammadu Buhari na Haɗeja yana cikin 'yan kaɗan da suka yi haka. Ɗa ne ga Sarki Sambo, wanda ya kafa mulkin Fulani a birnin Haɗeja bayan Jihadi, ya kuma faɗaɗa ganuwarta.

Sambo ya yi murabus a shekarar 1845. 'Ya'yansa biyu, Garko da Abdulƙadir, suka gaje shi ɗaya bayan ɗaya, amma babu wanda ya daɗe. Da sarauta ta sake faɗuwa a 1848, tsohon sarki ya fi karkata ga ɗansa Ahmadu, sai dai Buhari ya riga shi shiga fada da goyon bayan manyan bayin sarki da jarumai. Bai jima ba ya sa aka kashe ɗan'uwansa, Sarkin Auyo, wanda yake ganin zai iya zame masa ƙalubale. Wannan kisa shi ne ya jawo hankalin Sakkwato, domin a tsarin Daular ba a zubar da jinin basarake ba tare da shari'a ba.

Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tura Waziri Abdulƙadir ɗan Gidaɗo zuwa Katagum don ya binciki lamarin. Buhari bai miƙa wuya ba. Saboda haka aka tuɓe shi a 1850, aka naɗa Ahmadu. Buhari ya fice da mutanensa ya doshi arewa maso gabas, ya nemi taimakon Shehu Umar na Borno, wanda dama yake da tsohuwar gaba da Sakkwato a kan ƙasashen da Borno ta rasa lokacin Jihadi. A 1851 ya komo da ƙarfi, ya ƙwace birnin, aka kashe Ahmadu. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ya ratsa Gumel a wannan shekara, ya ambaci rikicin a littafin tafiye-tafiyensa. Daga nan Haɗeja ta daina aika gaisuwa Sakkwato, ta daina karɓar umarninta.

A nan ya kamata ɗalibi ya lura da yanayin ƙasar, domin shi ya ba wannan ɓallewa gindin zama. Haɗeja tana kan iyaka ne tsakanin manyan dauloli biyu, kuma tana nesa da Sakkwato ƙwarai. Ga kuma kogin Haɗeja da fadamunsa. Idan ruwa ya malala bayan damina, dawakin baƙi ba sa iya ratsa taɓo da gulabe cikin sauƙi, alhali mutanen gida sun san kowace mashaya da mahaya. Fadamar tana ba da kifi da shinkafa da ciyawar dabbobi, don haka da wuya a ci birnin da yunwa.

A 1853 Sarkin Musulmi ya tara runduna daga masarautu da dama, har da Kano da Katagum, don a murƙushe shi. Buhari bai jira su iso ganuwa ba. Ya auka musu a Kaffur, ya tarwatsa su, ya kwashe dawaki da makamai masu yawa. Wannan gamo na Kaffur shi ne ƙolin nasararsa, kuma Sakkwato ba ta ƙara samun galaba a kansa ba.

Akan kwatanta irin wannan ɓallewa da ta mazauna Amurka, waɗanda suka shelanta 'yancinsu daga Ingila ranar 4 ga Yuli, 1776. Akwai kama ta fuska biyu: nisan mai mulki daga wanda ake mulka, da kuma dogaro da abokin gabar uban gida, domin Faransa ce ta tallafa wa Amurkawa kamar yadda Borno ta tallafa wa Buhari. To amma Amurkawa sun rubuta hujjojinsu a takarda, sun kafa tsarin da ya rayu bayan shugabanninsu. Na Buhari kuwa ya rataya ne a kan takobinsa kaɗai, kuma talakawan maƙwabta ne suka ɗanɗana kuɗarsa. Hare-harensa sun mayar da garuruwa da yawa na gabashin Kano da ƙasar Katagum kufai, aka kama 'ya'ya Musulmi aka bautar. Wannan ne ya sa har yau ra'ayi ya rabu a kansa: a Haɗeja ana tuna jarumtarsa, a wasu wurare kuwa ɓarnar ake tunawa.

Buhari ya rasu a 1863 a fagen yaƙi, lokacin da ya kai wa Badawa hari a Gorgoram. Ɗansa Umaru ya gaje shi, amma shekara biyu kawai ya yi. A 1865 sarauta ta koma hannun Haru Bubba, ɗan'uwan Buhari, kuma Haɗeja ta ci gaba da zama ƙarƙashin tutar Sakkwato har zuwa 1906, lokacin da Turawan Ingila suka ci birnin da yaƙi, Sarki Muhammadu ya yi shahada.