Lalita Pawar (1916–1998): Fuskar da Mari Ya Sauya wa Makoma

A al'adar kallon fim, idon jama'a kan tsaya ne a kan jarumi da jaruma. Amma akwai wani rukuni na 'yan wasa waɗanda ba don su ake sayen tikiti ba, alhali idan aka zare su labarin ba ya tsayuwa: iyaye, surukai, barori, masu gidan haya, alƙalai da mugaye. Sana'arsu ita ce shiga rigar wani hali, su sa mai kallo ya gane shi tun kafin su buɗe baki. A tarihin finafinan Indiya, kaɗan ne suka kai Lalita Pawar daɗewa da ƙwarewa a wannan fage. Ta shafe kusan shekara 70 tana aiki, kuma an ƙiyasta finafinanta da fiye da 700, akasarinsu cikin harsunan Hindi da Marathi.

An haife ta ranar 18 ga Afrilu 1916, aka raɗa mata suna Amba. Ta shiga harkar fim tana yarinya a ƙarshen shekarun 1920, lokacin da hoto ke motsi a allo babu murya. Da aka fito da Alam Ara a 1931, fim na farko mai magana a Indiya, taurari da yawa sun dusashe saboda harshensu ko muryarsu ba ta dace da sabon yayin ba. Ita kuwa ta tsallake wannan siraɗi. Ta zama jaruma mai jan kasuwa a finafinan soyayya da na faɗa, har ta kai ga zuba kuɗinta ta shirya Duniya Kya Hai a 1938, wanda aka gina a kan wani littafi na marubucin Rasha, Leo Tolstoy. Sunan Pawar ta samo shi ne daga mijinta na farko, Ganpatrao Pawar, auren da ya mutu bayan da ya nemi ƙanwarta. Daga baya ta auri furodusa Rajprakash Gupta.

A 1942, tana da shekara 26, aka zo ɗaukar fim ɗin Jung-e-Azadi. Akwai wurin da labari ya buƙaci ɗan wasa Bhagwan Dada ya mare ta. Marin ya zo da ƙarfin da ya wuce na wasa: ɓarin fuskarta ya shanye, wata jijiya ta fashe a idonta na hagu. Ta yi kimanin shekara uku tana jinya, ta tashi da ido ɗaya a kanne. A masana'antar da ke auna jaruma da kyan fuska, wannan hukuncin kora ne. Shi kuwa Bhagwan ya ci gaba da harkarsa, har ya yi suna da fim ɗin Albela a 1951.

Abin da ya biyo baya shi ne ainihin tarihinta. Lalita ta mayar da naƙasar kayan aiki. A Ramshastri (1944) na kamfanin Prabhat ta fito a matsayin Anandibai, matar gidan sarautar Peshwa da tarihi ke dangantawa da makircin kisan Narayanrao. A Dahej (1950) na darakta V. Shantaram ta zama uwar miji mai gallaza wa amarya saboda iyayenta ba su kawo wadataccen kaya ba. A can iyayen mace ne ke biyan dukiyar aure ga dangin ango. Shekarunta 34 kacal a lokacin. Daga nan ƙofa ɗaya ta buɗe mata, sauran suka rufe. Kannen idon nan, da ɗaurewar fuska, da kaifin murya, suka haɗu suka zama tambari, har sunanta ya koma abin da ake jifan duk wata azzalumar suruka da shi a zancen yau da kullum a Indiya.

Sai dai wannan shuhura ta danne mata haƙƙi, domin mafi kyawun ayyukanta ba na mugunta zalla ba ne. A Shree 420 (1955) ita ce Ganga Mai, mai tallar ayaba wadda ta rungumi baƙon da ya shigo Bombay ba shi da ko sisi. (Lambar 420 sashe ne na tsohuwar dokar Indiya da ke hukunta damfara kafin a sauya ta a 2024, tamkar 419 a Nijeriya.) Shekara takwas kawai ta girmi Raj Kapoor, amma babu mai kallon da zai yi shakkar cewa uwa ce a gabansa. A Anari (1959) na Hrishikesh Mukherjee ta fito a Misis D'Sa, Kirista mai gidan haya, wadda ke yi wa ɗan hayarta faɗa a kan kuɗin ɗaki a fili, ta kuma tallafe shi a ɓoye. Wannan rawa ce ta ba ta kambun Filmfare na gwarzuwar mataimakiyar jaruma. Hikimar wasan tana cikin saɓanin da ke tsakanin harshe da zuciya: baki na zagi, hannu na zuba abinci. Wanda ya san irin gwaggon nan ta gidan Bahaushe, mai faɗa mai tausayi, zai gane ta ba tare da tafinta ba. A ganina, nan ne idon da ya naƙasa ya fi yi mata amfani, domin yana ba ta damar nuna fushi da ɓari ɗaya na fuska, taushi da ɗaya ɓarin.

Ta kuma iya barkwanci. A Professor (1962) ta zama gwaggo mai tsanani da ta faɗa son wani tsohon malami, ba ta san saurayi ne, Shammi Kapoor, ya ɓad da kama ba. Shekara guda kafin nan, a Junglee, ita ce mahaifiyar da ta haramta dariya a gidanta. A Anand (1971) Mukherjee ya sake ba ta sunan D'Sa, wannan karon a matsayin shugabar nas-nas a asibiti, tare da Rajesh Khanna da Amitabh Bachchan.

Ga mai nazarin al'adun Hausa, rayuwarta ba labarin nesa ba ne. 'Yan kasuwa Kwarori, wato 'yan Lebanon, su ne suka riƙa shigo da finafinan Indiya gidajen sinima na Arewacin Nijeriya, kuma Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya nuna cewa abin da ya ja hankalin Hausawa shi ne rikicin da ke tsakanin son zuciyar matasa da ikon iyaye a sha'anin aure. Irin wannan rikici ba ya samuwa sai da wanda zai tsaya a madadin iko. Jarumai suna rera waƙa a cikin furanni, amma su Lalita Pawar ne ke gina katangar da soyayyar za ta yi karo da ita. Duk mai son bin sawun yadda muguwar uwar miji ta samu gurbi a finafinan Hausa ba zai iya tsallake wannan zuri'a ta 'yan wasa ba, ko da yake rikicin suruka da matar ɗa ya girmi sinima a ƙasar Hausa.

Talabijin ya zo mata a ƙarshen rayuwa. Daga 1987 zuwa 1988 tashar gwamnati ta Doordarshan ta nuna Ramayan na Ramanand Sagar, kashi 78, kowace safiyar Lahadi, shirin da kan sa titunan birane su yi tsit. Lalita, mai shekara 70 da ɗoriya, ta fito a matsayin Manthara, kuyanga mai ƙusumbi wadda ta zuga sarauniya Kaikeyi har aka kori Rama zuwa daji na shekara 14. Fitowarta ba ta da tsawo, amma a kanta dukkan labarin ya juya. Miliyoyin yaran da ba su taɓa ganin Misis D'Sa ba, da wannan fuska suka san ta.

Ta kamu da ciwon daji na baki, ta koma birnin Pune da zama. A can ta rasu a watan Fabrairu 1998, tana da shekara 81, ita kaɗai a gidanta da ke unguwar Aundh, iyalinta suna Mumbai. Sai bayan kwana biyu aka gano gawarta.