Tupac Shakur: Mawaƙin da waƙar mahaifiyarsa ta fito yana tsare a gidan yari

A ranar 21 ga Fabrairun 1995 aka saki waƙar Dear Mama a Amurka. Wanda ya rera ta, Tupac Shakur, bai je ko'ina don tallata ta ba, domin yana gidan yari a jihar New York. Waƙa ce da ɗa ya yi wa uwa, kuma tarihin su biyun ne ya sa har yau ba a daina jin ta ba.

Cikinsa ya sha zaman kurkuku

An haifi Tupac a ranar 16 ga Yunin 1971 a birnin New York. Mahaifiyarsa, Afeni Shakur, 'yar ƙungiyar Black Panther ce, mai fafutukar 'yancin baƙar fata. A 1969 aka kama ta tare da wasu 'yan ƙungiyar bisa zargin shirya dasa bama-bamai a birnin.

Afeni ta tsaya wa kanta a kotu ba tare da lauya ba, ta kuma yi wani ɓangare na zaman tsarewar tana da juna biyu. An wanke ta a watan Mayun 1971, wata guda kafin ta haihu. Ta raɗa wa ɗan nata sunan Tupac Amaru, jagoran da ya yi wa Turawan Sifaniya tawaye a ƙasar Peru a 1780.

Talauci da ƙaura

Tupac ya tashi babu uba a gida, cikin rashi da yawan sauya matsuguni. A Baltimore ya shiga makarantar koyon fasaha, inda ya karanci wasan kwaikwayo da rubutacciyar waƙa. A 1988 iyalin suka koma Marin City a jihar Kalifoniya.

A wannan tsakanin ne Afeni ta faɗa shan hodar ibilis nau'in da ake kira crack, wadda ta ɗaiɗaita unguwannin baƙar fata a shekarun 1980. Zama ya gagara tsakaninta da ɗanta, ya bar gida tun yana matashi.

Ƙungiyar mawaƙa ta Digital Underground ce ta fara ba shi dama, a matsayin mai rawa da ɗaukar kaya. A 1991 ya fitar da kundinsa na farko, 2Pacalypse Now, sannan a 1992 ya fito a fim ɗin Juice. A lokacin Afeni ta daina shaye-shaye, uwa da ɗa suka shirya.

Yadda aka haɗa waƙar

Tony Pizarro ne ya tsara kiɗan Dear Mama. Ya gina shi a kan sautin wani tsohon kiɗa na Joe Sample mai suna In All My Wildest Dreams, amshin kuma ya samo asali daga Sadie, waƙar da ƙungiyar The Spinners ta yi wa iyaye mata. Kiɗan mai sanyi ne, ya bambanta da zafin da aka san Tupac da shi.

A fagen gambarar zamani ta wancan lokaci, bugun ƙirji da barazana ga abokan hamayya sun fi yawa. Tupac ya kauce wa wannan hanya. Ya ba da labarin rigimarsa da mahaifiyarsa, da wahalar da ta sha wajen ciyar da 'ya'ya biyu ita kaɗai. Bai ɓoye shaye-shayenta ba, bai kuma ɓoye nasa laifin ba, duk da haka ya girmama ta. Wannan gaskiyar ce ta sa masu sauraro da dama suka ga gidajensu a cikin waƙar.

Kafin ta fito, abubuwa sun caɓe masa. A ranar 30 ga Nuwamban 1994 aka harbe shi a wani ɗakin ɗaukar waƙa a New York. Washegari kotu ta same shi da laifin cin zarafin wata mata ta hanyar lalata, laifin da ya musanta, daga baya aka yanke masa ɗauri. Saboda haka Afeni ce ta fito a bidiyon waƙar.

Dear Mama ta kai mataki na 9 a jadawalin waƙoƙin Billboard, ta kuma shiga takarar kyautar Grammy. Kundin da ke ɗauke da ita, Me Against the World, ya fito a watan Maris, ya hau mataki na ɗaya alhali mai shi yana kulle.

Ajali a Las Vegas

A watan Oktoban 1995 Suge Knight, shugaban kamfanin Death Row, ya tsaya aka ba da belinsa a kan dala miliyan 1.4. Bai cika shekara da fitowa ba. A ranar 7 ga Satumban 1996 aka buɗe wa motar da yake ciki wuta a Las Vegas, bayan ya kalli damben Mike Tyson. Ya mutu ranar 13 ga watan, yana da shekara 25. Sai a 2023 aka gurfanar da wani mutum, Duane Davis, kan zargin hannu a kisan.

Afeni ce ta riƙe gadon ɗanta, ta kafa kamfanin Amaru don kula da waƙoƙin da ya bari. A 2010 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya saka Dear Mama cikin sautukan da ake adanawa saboda muhimmancinsu ga tarihin ƙasar. Gwamnatin da ke ganin ƙungiyar Afeni barazana ce, ita ce ta adana waƙar da aka yi mata, tana raye ta shaida hakan. Ta mutu a ranar 2 ga Mayun 2016, tana da shekara 69.