A RIƘA TUNAWA DA ƊAN MARAYA JOS

Edita,

Ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in tuna wa jama'a marigayi Adamu Ɗan Maraya Jos. An haife shi a Bukuru a 1946, iyayensa suka rasu yana ƙarami, Sarkin Bukuru ya riƙe shi. Da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya yi wa karen mota waƙa, ya yi faɗa kan auren dole da gulma, har Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa. Ya rasu ran 20 ga Yuni, 2015.

To, mu nan Challawa 'ya'yanmu ko kuntigin ba su sani ba. Don Allah gidajen rediyon Kano su riƙa sa waƙoƙinsa. Allah ya jiƙansa, amin.

Manomi kuma ɗan tireda,
Challawa, Kano.